Buta a Gidan Mai Famfo

Mijina mai gyaran famfo ne, kuma babu abin da ya tsana a duniya kamar ya ga mutum ɗauke da ruwa. Ko a titi muke tafiya ya hango wata da bokiti a hannu, sai ya bi ta da kallo yana tsaki, kamar shi ta zaga. A ganinsa ruwa abu ne da ya kamata ya biyo bututu ya same ka inda kake zaune. Da wannan ra'ayin yake ci, da shi ya aure ni, da shi ya gina gidan da muke ciki, don haka ban taɓa yi masa musu ba.

Sai Allah ya haɗa shi da uba mai ban ruwa da buta.

Baba, surukina, tsohon direban babbar mota ne. Ya dawo gidanmu da zama bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa masa hannu da ƙafar hagu. Ranar da aka sallame shi daga asibiti, likitar gashin ƙashi, wata doguwar mace marar wasa, ta tsare mu a bakin ƙofa.

"Ku ji da kyau," ta ce. "Ƙafar nan ba ta mutu ba, amma ba ta gama shawarar zama ba. In yana taka ta kullum za ta zauna. In ya bar ta ta huta za ta tafi, kuma ba lalle ta dawo ba."

Ta nuna masa motsa jikin da zai riƙa yi a ɗaki: a kwanta a ɗaga ƙafa, a tashi a zauna, a matse ƙwallon roba. Baba ya taɓa na kwana biyu ya watsar.

"Ni da furfurata in kwanta ina harba ƙafa sama kamar kyankyaso ya kife?"

Maigida ya yi lallashi, ni ma na yi, yayar maigida ta yi nata ta waya daga garin da take aure. Baba ya sa mana albarka mu duka, ya juya wa bango fuska. Ban ga laifinsa sosai ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kai kaya gari-gari ba ya gane tafiyar da ba ta da inda za ta.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki, kuma tagar ɗakin ɗinkina bayan gida take kallo. Wani siririn fili ne tsakanin bangon kicin da katanga, inda maigida ke jibge abin da ya ciro daga gidajen mutane: bahon wanka da ya tsage, kwanukan wanke hannu na tangaran masu ɓallin baki, bokitan fenti, guntayen bututun ƙarfe. Na yi mita a kan tarkacen nan har bakina ya gaji. Wata safiya na ɗaga kai daga keken ɗinki sai ga Baba tsaye a bakin lungu, ya dogara sanda, yana ƙare wa bolar kallo kamar mai shirin tayawa.

"Tela," haka yake kirana, "rana tana daɗewa a nan?"

"Ban taɓa lura ba, Baba."

"To ni zan lura."

Ya yi kwanaki yana fitowa da safe da hantsi da yamma, ba ya yin komai sai duba inda rana ta faɗa da inda inuwa ta kai. Ashe mahaifinsa ɗan lambu ne, shi ma ya yi aikin yana yaro kafin mota ta ɗauke masa hankali. Da ya gama nazarinsa ya kira ɗansa ya yanke hukunci. Gefen katanga, inda rana ke wuni, na tumatir ne da barkono da kuɓewa. Gindin bangon kicin, inda inuwa ke sauka da wuri, latas da alayyafo ba za su ƙi ba.

Maigida kamar ya taka rawa. Ya jera bahon da kwanukan a kan bulo, ya kawo ƙasa. Baba ya ƙwanƙwasa wani kwano da sandarsa.

"Ka ga amfanin sana'arka, Injiniya. Kowanne da hujinsa a ƙasa. Shuka tana son ruwa, amma ba ta son kwana a cikinsa. Bokitan nan ma sai ka huda musu gindi."

Da maigida ya zo da buhun kashin kaji ɗanye yana fankama, Baba ya toshe hanci ya ce a kai can ƙuryar katanga. Wannan wuta ce, in ji shi, ƙona saiwa take yi. A bar shi ya ruɓe, sai ya yi baƙi ya daina wari, sannan a gauraya da ƙasa. Da na tambayi nawa ake zubawa ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Sai maganar ruwa. Famfon tsakar gida a gaba yake, lambun a baya, tsakaninsu doguwar hanyar lungu. Maigida ya ce bari ya jawo tiyo. Baba ya ce a bari tukuna. Ya shiga kicin ɗina ya zaƙulo wata tsohuwar butar shayi ta ƙarfe da murfinta ya ɓata, ya ce wannan ta ishe shi, bakinta siriri ne, ruwa zai sauka a gindin shuka ba tare da ya tone ƙasa ba.

Sanda a hannun dama, buta a hannun da ke ciwo. Farkon abin ban tausayi ne. Rabin ruwan a wando, rabi a lungu, abin da ya isa lambun bai fi a wanke ido ba. Ya koma ya sake ɗebowa. Ina kan keke ina jin sa: sanda ƙwas, ƙafa tana jan ƙasa shuu, ƙwas, shuu. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, har rana ta ɗaga. Butar ƙarama ce, kwanukan da yawa, kuma Baba ba ya tsallake ko ɗaya.

Ta taga ya mayar da ni ɗalibarsa ba tare da na nema ba. Ba ya zuba ruwa sai ya soka yatsa a ƙasa har gaɓa ta biyu. In ya ji danshi ya wuce, in ya ji bushewa ya zuba.

"Sama tana ƙarya, Tela. Ka ga ƙasa ta bushe fes, ciki kuwa jagab. Yatsa ne ba ya ƙarya."

Da safe ake ban ruwa, kafin rana ta yi zafi, kuma a gindi, ba a kan ganye ba, don jiƙaƙƙen ganye shi ke gayyato cuta. Latas mashayi ne, kullum yana so. Barkono kuwa a bar shi ya ɗan ji ƙishi, ya fi yin yaji. Ya sa na riƙa tara masa busasshiyar ciyawa yana rufe gindin shuka don danshi ya daɗe. In iri ya tsiro cunkus ya zauna ya rage, yana cire na banza yana ba su haƙuri. Ƙananan rassan da ke fitowa a hammatar tumatir ya tsinke su da farce, wai cin abincin 'ya'ya kawai suke yi. Kuma kowane ganye sai ya juya shi ya leƙa bayansa.

"Ɓarawo ba ya zama a falo," in ji shi. "Ƙwaro a bayan ganye yake. In kin gan su da wuri, ruwan sabulu kaɗan ya ishe su. In kin makara, sai dai ki yi musu sannu da zuwa."

A hankali sautin lungun ya canza. Shuu ɗin ya gajarce. Ruwa ya daina zuba a wando. Wata rana na fita shanya na tarar da sandarsa jingine da bahon tumatir, shi kuma yana can gaba wajen famfo yana cika buta. Ya manta da ita. Ban nuna masa ba, don na san in na faɗa zai tuna cewa shi majinyaci ne. Na koma ɗaki na zauna a gaban keke, na kasa zura zare saboda hawaye.

Da na kai shi asibiti a wannan watan, likitar gashi ta sa shi ya taka daga bango zuwa bango, ta dube ni.

"Me kuke ba shi?"

"Tumatir," in ji Baba.

Na yi mata bayanin buta da lungu. A karon farko na ga haƙoranta.

"Ko mene ne, kar ku daina."

Na kawo wa maigida labari, ya yi murna, amma da rabin kunne ya ji, yana neman sifanarsa a jaka.

Abin ya lalace ne wata safiya da wani mai gidajen haya, babban mai ba maigida aiki, ya biyo ta gida nemansa. Suna tsaye a tsakar gida sai suka ji ƙarar buta a kan siminti. Baba ya taka ruwan da ya ɗiga a lungu, santsi ya kwashe shi. Gwiwar hannu ce kawai ta goge, ko targaɗe bai yi ba, kafin a ɗaga shi ma yana tambayar ko butar ta lotsa. Amma da baƙon zai tafi, ya dafa kafaɗar maigida yana 'yar dariya.

"Kai da ka hau da ruwa har saman benena, tsohonka yana jigila da buta? Ai ko don idon mutane."

Na ga yadda maganar ta shiga. Kafin yamma kuma yayarsa ta samu labari, ta kira, ta wanke shi tas. Ina daga kicin ina jin muryarta ta cikin wayar. Wai an mayar da mahaifinsu ɗan ga-ruwa a gidan ɗansa.

Da ya ajiye wayar na same shi.

"Maigida, ba ruwa yake kai wa shuka ba fa. Ƙafarsa yake kai wa yawo. Ka ji abin da likita ta ce."

"Ke ɗinki kika sani. Yau gwiwar hannu ce. Gobe in ƙugu ya karye fa? Ke za ki ɗinke shi?"

Ba ƙarya ya faɗa ba. Tsoro ne a idonsa, ba girman kai kaɗai ba.

"To ka kafa masa bututun ƙarfe a jikin bangon lungu ya riƙa dafawa. Ga su nan jibge. Ka shimfiɗa abin da zai hana santsi."

"Mu gani," ya ce.

Shekarun da na yi da mutumin nan sun koya mini cewa in ya ce mu gani, ya riga ya gani shi kaɗai.

Ya jira ranar da na sake kai Baba asibiti. Da muka dawo ya tare mu a ƙofa, gwiwoyin wandonsa duk taɓo, fuskarsa kamar yaron da ya zo na ɗaya a aji. Ya ja mu zuwa baya.

Gaskiya ɗaya ce, aikin ya yi kyau. Siririn tiyo baƙi ya sauko daga tankin sama, ya bi gindin katanga a miƙe, ya rabu zuwa kowane kwano. A gindin kowace shuka akwai ɗan huji yana ɗiga, ɗis, ɗis. A bakin tankin ya ɗaura wata 'yar na'ura mai batir da ke buɗe ruwan da kanta da sassafe ta kuma rufe. Ƙarƙashin inuwar kicin ya ajiye kujera mai hannu da matashi, daidai inda ake ganin lambun gaba ɗaya. Butar kuma ya rataye ta a ƙusa can sama.

"Daga yau ka huta, Baba. Ka zauna kawai ka yi kallo."

Baba ya daɗe yana duban hujin da ke ɗiga a gindin barkono. Sannan ya dubi taɓon da ke gwiwar ɗansa.

"Aiki ya yi kyau, Injiniya. Allah ya yi maka albarka."

Washegari da maigida ya fita, Baba ya ce in sauko masa da butar. Ya cika ta a famfo, ya biyo lungu kamar kullum. Ina kallo ta taga. Ya soka yatsa a kwanon farko, ya zare. Ya soka a na biyu. Ya bi su duka har na ƙarshe. Sai ya tsaya a tsakiyar lambun da buta cike a hannu, kamar wanda ya kai kaya ya tarar an rufe shago.

"Baba, ku zuba mana. Kaɗan ba zai yi komai ba."

"Sun ƙoshi, Tela. Ba a yi wa mai ƙoshi ɗura."

Ya tuttular da ruwan a kwata.

"To ku gaya masa ya cire."

"Yaro ya bar aikinsa ya wuni a rana saboda ni. Ba a mayar da hannun kyauta baya. Ke ma kar ki sa baki."

Na sa bakin. Da daddare ban yi ba, da safe na yi, yana shan shayi, don na san lokacin ne kunnensa ke buɗe. Ya ajiye kofi ya leƙa ɗakin Baba.

"Baba, ko akwai matsala da ruwan nan?"

"Babu ko kaɗan."

Ya juyo ya dube ni. "Kin ji da kunnenki."

Da baki ya ƙi aiki na gwada hannu. Tun da asuba na hau kujera na murɗe kan famfon tankin. Wuni ɗaya ƙasa ta fara shan iska, har Baba ya soma kallon ƙusar da butar take. Da yamma maigida ya dawo ya zaga baya, ya ga gindin shuka ba danshi, ya bi layi har tanki, ya buɗe, ya cire mariƙin kan famfon ya jefa a jakarsa, wai yaran maƙwabta ne ke wasa da shi. A gidan mai famfo ba a kashe ruwa ya kwana a kashe.

Makonnin farko Baba bai daina zagawa ba. Yana juya ganye, yana tsinke rassan hammata. Amma wannan aikin zagaye ɗaya ne, ba ya kai mutum famfo ya dawo da shi. Kuma kujerar tana nan, da matashinta, a inuwa. Da farko yakan zauna bayan ya gama zagayen. Daga baya ya koma zama kafin ya fara. Daga nan sai ya riƙa nuna mini da sanda daga zaune: wancan reshen a ɗaure shi, waccan kuɓewar a cire ta yau tun tana ɗanya, gobe itace ce.

Lambun kuwa ya yi kore shar, ba a magana. Latas ya yi faɗi kamar faifai. Duk baƙon da ya zo sai maigida ya kai shi baya ya nuna masa na'urar, a yi ta yaba basira. Har hoto yayarsa ta sa aka tura mata, Baba a kujera, ganye a bayansa. Ta ce yanzu ta ji magana.

Ni kaɗai nake jin lungun. Shuu ɗin ya dawo, ya kuma yi tsawo. Daga baya ma sai in wuni a kan keke ban ji shi ba.

Barkono ne ya fara ƙorafi. Tiyo bai san wane ne mashayi wane ne mai son ƙishi ba, kowa kason latas yake samu. Ganyen barkono ya yi rawaya ya soma zuba. Da na juya ganyen tumatir wata safiya, fararen ƙwari suka tashi kamar an busa gari. Na kai wa Baba ganye ɗaya a tafin hannu. Ya duba ya ce, "An makara," ya mayar da kai jikin kujera.

Sai mura ta kama shi da zazzaɓi, irin wadda kowa ke yi. Ya kwanta. Da can ya taɓa yin irinta, amma kwana biyu ya miƙe da rawar jiki, yana faɗan cewa tumatir ba su san mura ba. A wannan karon babu abin da ke jin ƙishi saboda shi. Yana kwance yana jin na'urar ta buɗe da kanta ta rufe da kanta. Zazzaɓin ya sauka, Baba bai sauko daga gado ba. Na yi roƙo, na yi tsiya, har ƙarya na yi cewa akuyar maƙwabta ta shiga lambun. Ya ce in kore ta.

Ranar da ya yi niyyar tashi, gwiwar ta ƙi miƙewa.

A wannan zuwan maigida ne ya kai mu asibiti, don sai da aka ɗauki Baba zuwa mota. Likitar gashi ta lanƙwasa ƙafar, ta miƙar, ta sa shi ya tura hannunta. Ta ɗago ta dube mu.

"Me ya canza?"

Baba ya ce mura ce. Ta ce mura ba ta yin wannan ita kaɗai, ina butar? Sai maigida ya buɗe baki ya ba da labarin tiyo da na'ura da kujera, muryarsa tana raguwa kamar famfon da ruwa ke ɗaukewa. Ta saurare shi har ƙarshe. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma na san da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce za a ci gaba da gashi. Ba ta ce ƙafar ba za ta dawo ba, ba ta kuma ce za ta dawo ba.

Muka kamo hanyar gida. Ina da "ai na faɗa maka" cike da baki, na daɗe ina wasa ta, amma da na ga yadda ya riƙe sitiyari sai na haɗiye abata. Ban ji daɗin gaskiyata ba ko na ƙwayar zarra. Garin gyaran gira an rasa ido, kuma idon namu ne duka.

Muna isa, ko ruwa bai sha ba ya zaga baya. Ya fincike tiyon daga kwano zuwa kwano, ya kwance na'urar, ya naɗe komai ya rataye a bangon tsakar gida. Ya ɗauko bututun ƙarfen nan, ya huda bangon lungu, ya kafa madafar hannu tun daga famfo har lambu, ya shimfiɗa roba mai kaushi a ƙasa. Aikin bai ɗauke shi yini ɗaya ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, har yau.

Aka jira ƙasa ta bushe. Da safe ya sauko da butar, ya wanke ta, ya zuba ruwa rabi. Muka kama Baba muka tsayar da shi a bakin lungu, hannun dama a kan madafa. Maigida ya rataya masa butar a yatsun hagu. Baba ya dubi tsawon lungun. Ya tura ƙafar dama. Ya ja numfashi ya kira ta hagu, gumi ya keto masa a goshi, ba ta amsa ba. Yatsun suka saki, butar ta faɗi, ruwan ya bi robar.

"Injiniya," ya ce a hankali, "mota in ta daɗe a ajiye, ba batir kaɗai ke mutuwa ba. Zaunar da ni."

Maigida ya zaunar da shi, ya tsuguna ya ɗauki butar, ya daɗe a tsugune yana goge ta da gefen rigarsa alhali babu abin da ya same ta.

An yi watanni yanzu. Ana zuwa gashi, ana gwadawa a lungu, wata rana ya tsaya, wata rana ko tsayuwar ba ta samuwa. Keken marasa lafiya ya shigo gidan. Madafar tana nan, tawul muke shanyawa a kai. Da-na-sani ƙeya ce, kuma a gidanmu kowa yana jin tasa.

Lambun bai mutu ba. An tuge tumatirin da ƙwari suka cinye, Baba ya ce kar a mayar da tumatir a bahon, a sa wake a hutar da ƙasar, sabon dashen a kai wasu kwanukan, kuma da yamma ake dashe don kar rana ta buge shi. Kullum da safe kafin ya fita aiki, maigida yakan tura keken Baba zuwa baya, sannan ya ɗauki buta ya nufi famfo. Mutumin da ya hau da ruwa saman bene, ga shi yana safa da marwa a lungu, yana soka yatsa a ƙasa yana tambaya.

"Baba, wannan danshi ne ko sanyi ne kawai?"

"Kawo in ji."

Sai ya ɗago bokitin shukar gaba ɗaya ya ɗora masa a cinya.

Kwanan baya wata mata ta yi sallama, ma'aikaciyar banki ce da aka kwatanta mata gidan. Ta ce ta ga hoton aikin da maigida ya yi a lambunsa, irinsa take so. Mahaifiyarta ta tsufa, ta ƙi zama, kullum tana fama da bokiti a kan 'yan shuke-shukenta, abin har kunya yake ba ta.

Ina tsaye a ƙofar ɗakin ɗinki da almakashi a hannu. Maigida ya ajiye jakar da ya riga ya saɓa.

"Tana tafiya da ƙafarta?"

"Tana yi, sai dai a hankali."

"Ba ni da kayan aikin," ya ce.

Matar ta dubi naɗin tiyon da ke rataye a bango daidai bayan kansa, da na'urar a sama. Ta sake dubansa.

"Ki rage mata girman bokitin," ya ce. "Ki samo mata ƙaramar buta. In akwai santsi a hanyar, ki kira ni in kafa mata abin dafawa, wannan zan zo ko yau ne."

Ta yi godiyar da ba ta kai ciki ba ta fita, da alama ta ɗauka ba shi da cikakken hankali. Ya bi ƙofar da kallo. Daga baya muryar Baba ta taso, yana tambayar ko yau wani ya leƙa bayan ganyen tumatir.

"Ga ni nan, Baba," in ji maigida. Ya ɗauki butar ya buɗe famfo.